Ranar Da Aka Ce In Kwance Baƙin Bel: Tarihin Ɗamarar 'Yan Judo Da Kareti

Yau zan ɗan jingine labaran soyayya gefe guda, in ɗauko wani tarihi da na daɗe ina son rubutawa, wato tarihin ɗamarar nan da 'yan kareti da 'yan judo suke ɗaurawa a ƙugu, wadda mu a wurin horo muke ce wa bel. Abin da ya kai ni ga bin diddigin wannan tarihi kunya ce da na taɓa sha, don haka bari in fara da ita.

Shekara shida na yi ina koyon kareti kafin masta ɗinmu ya ɗaura mini baƙin bel. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Chanis ya san abin da wannan yake nufi a idon samarin unguwa. Bayan nan aiki ya mayar da ni wani gari, na nemi inda ake kareti kusa da ni na rasa, sai wani ɗaki a bayan filin wasa inda ake koyar da judo. Na ce ai duk kanwar ja ce. Ranar farko na sa fararen kayana, na ɗaura baƙin bel ɗina, na shiga ina tafiyar isa. Malamin wurin, wani dattijo gajere mai furfura, ya amsa gaisuwata da fara'a, ya dubi ƙuguna, ya ce, "Samari, a ina aka ba ka wannan?" Na gaya masa. Ya ce, "Madalla, Allah Ya ƙara basira. To amma na kareti ne. A nan fari za ka ɗaura, ka tsaya can ƙarshen layi."

Wallahi raina ya ɓaci. A ƙarshen layin nan yara ne 'yan firamare. Na ce masa, "Baba, shekara shida fa na yi." Bai yi musu da ni ba, sai ya kira wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba, mai koren bel, ya ce mu riƙe juna. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga rufin ɗakin a inda ƙasa take, bayana ya bugu, numfashina ya ɗauke. Na tashi, ya sake. Sau uku. Malamin ya ce, "Ka iya naushi, na gani a tsayuwarka. Amma ba ka iya faɗuwa ba, kuma a gidan nan da faɗuwa ake farawa."

Na koma gida ina ta saƙe-saƙe. Shin bel ɗin nan nawa ne, ko na makarantar da ta ba ni? In nawa ne, wa ya isa ya ce in kwance? Neman amsar wannan tambaya shi ya kai ni ƙasar Japan a cikin littattafai.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, bel ba tsohon abu ba ne kamar yadda finafinai suke nuna mana. Mayaƙan Japan na dauri, wato samurai, ba su san shi ba. A zamaninsu akwai makarantun kokawa da takobi barkatai, kowace da sirrinta, kuma abin da malami yake bai wa ɗalibi takarda ce naɗaɗɗiya da suke kira menkyo, mai nuna cewa wane ya kai mataki kaza a wannan gida. Mafi girmanta ita ce menkyo kaiden, shaidar cewa malam ya juye maka duk abin da ya sani. Kusan kamar ijazar da malaman zaure suke bayarwa ne. Takardar tana ajiye a gida, ba mai ganin ta a jikinka, kuma in ka koma wata makaranta ba ta da wani amfani, domin shaida ce ta wancan malami a kan wancan karatu.

Wanda ya sauya wannan tsari wani mutum ne mai suna Jigoro Kano. Kada mai karatu ya ɗauka Bakano ne, sunan ne kawai ya zo ɗaya a rubuce. An haife shi a 1860, ya taso ƙanƙani marar ƙarfi, abokan karatu suna cin zalinsa, shi ya sa ya ƙudurta koyon jujutsu, tsohuwar kokawar samurai. To amma ya zo a lokacin da sana'ar take mutuwa. Tun daga juyin 1868 Japan ta fuskanci zamani, a 1876 aka hana samurai yawo da takobi, malaman kokawa da yawa suka koma ɗorin karaya don su ci abinci. Ta hanyar bin masu ɗori Kano ya samu malaminsa na farko, Fukuda Hachinosuke, a 1877.

A nan ne tarihin ya fara taɓa ni. Fukuda ya rasu a 1879, iyalinsa suka damƙa wa Kano takardun makarantar, wanda ba ƙaramin girma ba ne ga yaro matashi. Duk da haka bai ce ya zama malam ba, sai ya tafi wurin wani malami, Iso Masatomo, ya ci gaba da ɗalibta har ya zama mataimakinsa. Shi ma Iso ya rasu a 1881. Kano ya sake naɗe tabarmarsa ya tafi wata makaranta daban mai suna Kito-ryu, wurin Iikubo Tsunetoshi, inda salon ya sha bamban da wanda ya sani, domin su sun fi ƙwarewa a kayar da mutum daga tsaye. Mutumin da yake koyar da wasu jiya, yau ya dawo ana kayar da shi.

A 1882 ya buɗe tasa makarantar, Kodokan, a wani ɗaki na gidan ibadar Eishoji a birnin Tokiyo, da tabarmi goma sha biyu da ɗalibai tara. Ko a lokacin bai daina ɗalibta ba, domin Iikubo yana zuwa ɗakin kwana biyu ko uku a mako yana koyar da shi da ɗalibansa tare. Kano da kansa ya ba da labarin ranar da ya fara kayar da malamin nasa a jere, bayan ya gano cewa sirrin kaye shi ne ka fara gusar da mutum daga daidaiton tsayuwarsa kafin ka ɗaga shi. Malamin bai ji haushi ba, ya yarda cewa ɗalibi ya wuce shi, kuma a 1883 ya ba shi takardar shaidar Kito-ryu.

Kano malamin makaranta ne kafin komai. Ya shugabanci babbar kwalejin horar da malamai ta Tokiyo fiye da shekara ashirin, don haka tunaninsa na ɗan aji ne: yaya za a raba ɗalibai, yaya za a san wanda zai kara da wane, yaya za a ƙarfafa wa yaro gwiwa kada ya gaji ya gudu. Tsarin menkyo yana ɗaukar shekaru masu yawa tsakanin takarda da takarda. Sai ya aro wani tsari daga wasan Go, wani wasa na tsakuwoyi fari da baƙi mai kama da dara. Tun zamanin wani gwani mai suna Honinbo Dosaku, wanda ya rasu a 1702, 'yan Go suke da matakai da suke kira dan, kuma amfaninsu shi ne a san tazarar da ke tsakanin 'yan wasa biyu, don a san irin rangwamen da babba zai yi wa ƙarami wasa ya yi daɗi. Ma'auni ne na haɗa abokan karawa.

A 1883 Kano ya bai wa ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin farko na dan. Sunan wannan mataki shodan, kuma ma'anarsa matakin fari. Mai karatu ya lura da wannan. Abin da ni nake ɗauka a matsayin saukar karatu, su waɗanda suka ƙirƙiro shi sun ɗauke shi a matsayin ranar da yaro ya gama babbaƙu da farfaru, ya isa a fara yi masa karatu na gaske. Kuma a wancan lokaci babu wani bel da yake nuna matakin. Sai wajen 1886 masu dan suka fara ɗaura baƙar ɗamara, ita ma irin faffaɗar nan ce ta rigar gargajiyarsu. Fararen kayan judo da siririn bel da muka sani yau sai wajen 1907 suka daidaita. Launi biyu ne kawai, fari da baƙi.

Akwai wani labari da ake yawan ba yara a wuraren horo, wai a da ɗalibi farin bel yake ɗaurawa ba ya wanke shi, gumi da datti su yi ta taruwa har ya koma baƙi. Labarin yana da daɗin ji, amma tatsuniya ce. Kano ne ya zaɓi launukan, kuma Japanawa ba mutanen da za su bar ɗalibi ya shekara goma da ƙazamin tsumma a ƙugu ba ne.

To yaya Kodokan take yi da wanda ya zo mata da ilimi daga wani gida? Wannan ita ce tambayata, kuma amsar tana cikin tarihin Yamashita Yoshitsugu. Ya shiga Kodokan a 1884 da ɗan saninsa na tsohuwar kokawa. An rubuta sunansa a rajista kamar kowane sabon shiga, amma cikin wata uku ya samu dan na farko, cikin shekara biyu ya kai na huɗu. Shi ne daga baya ya je Amurka ya koyar da shugaba Theodore Roosevelt judo a 1904, kuma shi ne mutum na farko da Kodokan ta bai wa dan na goma, bayan rasuwarsa a 1935. Ashe farawa daga ƙasa bai hana shi komai ba. Abin da yake jikinsa ya fito da kansa, malamai suka gani, suka ɗaga shi da sauri.

Kareti kuwa, wadda nake taƙama da ita, aron bel ta yi. Asalinta tsibirin Okinawa ne, inda ake koyar da ita a tsakar gida, ba kayan sawa na musamman, ba mataki. A 1922 wani tsohon malamin firamare mai suna Gichin Funakoshi, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya zo Tokiyo ya nuna ta a wani baje kolin wasannin motsa jiki. Kano ya gayyace shi Kodokan ya sake nunawa, kuma daga nan Funakoshi ya ɗauki fararen kayan judo da tsarin dan. Mutumin da ake girmamawa a garinsu, a Tokiyo sai da ya zauna a ɗakin kwanan ɗaliban Okinawa yana shara da gyaran lambu da gadi don ya biya kuɗin ɗaki. A watan Afrilun 1924 ya ba da dan na farko a tarihin kareti ga mutum bakwai.

A cikin bakwai ɗin nan akwai wanda labarinsa ya fi kowanne kashe mini jiki, wato Hironori Otsuka. An haife shi a 1892, ya fara jujutsu tun yana yaro, kuma a 1921 ya karɓi babbar takardar ƙwarewa ta makarantar Shindo Yoshin-ryu. Malami ne cikakke. Shekara ɗaya bayan haka ya ji labarin baƙon nan na Okinawa, ya je ɗakin kwanan ɗaliban ya same shi, ya zauna a gabansa yana koyon tsayuwa da naushi daga tushe, yana ɗan shekara talatin. Bayan shekara biyu aka ba shi matakin fari, ya karɓa. Daga baya ya haɗa ilimin gidajen biyu ya kafa salon Wado-ryu, wanda yau yana cikin manyan salon kareti huɗu na Japan. Da ya tsaya yana cewa ni ne wane, da ya mutu da rabin abin da ya sani. Bahaushe ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Su kuma launukan nan, rawaya da lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, a Turai suka bunƙasa. Ƙungiyar Budokwai ta Landan, wadda Gunji Koizumi ya kafa a 1918, ta yi amfani da su tun shekarun 1920, sannan Mikonosuke Kawaishi, wanda ya zauna a Faris daga tsakiyar shekarun 1930, ya yaɗa su a Faransa da sauran ƙasashe. Dalilinsu shi ne ɗalibin Turai yana son ya ga alamar ci gaba a kai a kai, in ba haka ba ya karaya. Dabarar ta yi aiki, amma ta zo da nata ciwon. Kowace ƙasa, kowace ƙungiya, ta jera launukan yadda ta ga dama. Shuɗin bel a wannan gida yana iya zama na biyu daga ƙasa, a wancan gida na biyu daga sama. A wata makaranta shekara uku ta isa a kai baƙi, a jujutsun Birazil kuwa, wadda ta samo asali daga Mitsuyo Maeda, ɗalibin Kodokan da ya sauka ƙasar a 1914, yawanci sai an yi kusan shekara goma. Ta yaya za a ce duk abu ɗaya ne?

Masu kallon finafinai sun san Dan Inosanto, ɗalibin Burus Li wanda suka fafata da shi a fim ɗin Game of Death. Mutum ne da duniya ta san shi a matsayin malami, yana da ɗalibai a ƙasashe da yawa. Bayan ya haura shekara hamsin ya ga jujutsun Birazil, ya ɗaura farin bel ya shiga wurin 'yan gidan Machado a Amurka, samari sa'o'in 'ya'yansa suna murƙushe shi a ƙasa, har ya kai ga baƙi. Ba wanda ya ce girmansa ya ragu.

Wani abin da ya ƙara nuna mini cewa bel hukuncin mutane ne, mai iya yin daidai mai iya yin kuskure, shi ne labarin Keiko Fukuda, jikar malamin Kano na farko. Kano da kansa ya gayyace ta Kodokan don ya saka wa kakanta. Ta samu dan na biyar a 1953, daga nan ta tsaya cak har 1972, ba don ta daina ƙaruwa ba, sai don a lokacin ba a ɗaga mace sama da nan. Sai a 2006 Kodokan ta ba ta na tara, a 2011 hukumar judo ta Amurka ta ba ta na goma, ta rasu a 2013 tana da shekara 99, kuma har ƙarshen rayuwarta tana koyarwa. Shekara goma sha tara bel ɗinta yana faɗin ƙasa da abin da ta sani. Nawa kuwa, ranar da na shiga ɗakin judo, yana faɗin fiye da abin da na sani.

Shi kansa Kano ya rasu a watan Mayun 1938 a cikin jirgin ruwa mai suna Hikawa Maru, yana komawa gida daga taron kwamitin wasannin Olamfik da aka yi a Alƙahira. Abin da ya bari shi ne tsarin da yanzu judo da kareti da takwando da wasu da dama suke bi, kuma asalinsa rajistar aji ce ta makaranta guda.

Da na gama haɗa waɗannan labarai sai na gane amsar tambayata. Bel shaidar malami ce a kan ɗalibinsa, a kan karatun gidansa. Ilimin nawa ne, yana cikin ƙafata da hannuna, ba mai kwance shi. Amma shaidar ta masta ɗina ce, kuma dattijon nan na judo ba shi da dalilin sa hannu a kan abin da bai gani ba. Mu ma mun san haka a gida. Gardi in ya bar tsangayarsu ya je gaban wani alaramma, ba ya cewa na haddace, sai ya zauna ya karanta a saurara. Ɗan dambe in ya sauka baƙon gari, ba takarda yake nunawa ba, fili yake shiga.

Sai dai akwai wani gefen da ya kamata in faɗa, don kada a fahimce ni a baibai. Tawali'u ba ya nufin ɓoye gaskiya. Na taɓa ganin wanda ya ƙware ya shigo sabuwar makaranta ya ce bai taɓa yin komai ba, aka haɗa shi da sabon shiga na gaske, ya ji wa yaron ciwo. Wannan yaudara ce, kuma wani irin girman kai ne, na mai son a yi mamakinsa. Shi ya sa a gasar jujutsun Birazil ba a barin mai baƙin bel na judo ya fafata a rukunin masu fari, ko da a makarantarsa farin yake ɗaurawa. Abin da ya dace shi ne ka je da farin bel a hannu, naka na da kuma a jaka, ka gaya wa malam gaskiyar inda ka yi karatu da shekarun da ka yi, ka bar masa hukunci. In salon ɗaya ne kuma ƙungiyar ɗaya, sau da yawa zai ce ka ɗaura naka. In ya ce fari, ka ɗaura fari. Kuma ka kame bakinka daga cewa "mu a wurinmu ba haka muke yi ba", domin ba a tambaye ka ba.

Ni dai mako guda na yi ina fushi, sannan na je kasuwa na sayi farin bel. Wata biyu na yi ina koyon faɗuwa tare da 'yan firamare, ina buga hannu a katifa, ina naɗe haɓa kada ƙeyata ta bugu. Yaron nan mai koren bel shi ya zama mai gyara mini riƙo, yana ce mini "Yaya, sassauta kafaɗa", ni kuma ina cewa to. Bayan shekaru, da na sake komawa wani gari na samu makarantar kareti irin salonmu, da farin na shiga. Masta ɗin wurin ya kalle ni mako uku, ranar nan ya ce, "Malam, gobe ka zo da naka." Na zo da shi, amma ban ji irin nauyin da nake ji a da ba.

Wata rana da damina babur ya zame da ni a kan kwalta. Na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu kawai, kaina bai taɓa ƙasa ba, domin jikina ya naɗe da kansa yadda dattijon nan ya koya mini. A cikin shekarun nan duka ban taɓa naushin kowa a titi ba, amma faɗuwar da na raina ita ta tsare mini kai, da ikon Allah. Dattijon ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Farin bel ɗin yana nan a jakata har yau, kusa da baƙin.

Allah Ya raba mu da girman kai, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.